Ƙarin maki a darasin bayoloji: a ba ɗalibi ladan abin da ya gani da idonsa

Duk malamin bayoloji a makarantar sakandare ya san tambayar da ke zuwa idan zango ya kusa ƙarewa: "Malam, babu wani aikin da zan yi in samu ƙarin maki?" Galibi mai tambayar shi ne wanda bai miƙa aikin gida ba tun farkon zango, yanzu kuma ya hango jarrabawa ta ƙarato. Malamai da yawa sukan ji tausayi, su ce ya je ya zano ƙwayar halitta a babban kwali, ko ya rubuto shafi biyu a kan wani masanin kimiyya. Yaro ya kwafo daga intanet, ya shafa launi, ya karɓi makinsa. Yanzu ma da manhajoji irin su ChatGPT suka zo, ko wahalar kwafar ba ya sha.

Ban ce a soke ƙarin maki ba. Ra'ayina shi ne kada a ba da shi sai a kan abin da ɗalibi ya lura da shi da kansa, ya auna, ya rubuta da kwanan wata, tsawon makonni. A bayoloji, fiye da sauran darussa, gani ya kori ji, kuma abin da ake nazari a kansa yana kewaye da kowa, ba sai an saya ba.

Tarihin fannin kansa ya nuna haka. Gregor Mendel, wanda ake koya wa ɗalibai dokokinsa na gadon halitta, ba shi da wani katafaren ɗakin gwaje-gwaje. A lambun gidan ibada da ke Brno, cikin Jamhuriyar Czech ta yau, ya yi ta shuka wani nau'in wake tsakanin 1856 da 1863, yana haɗa wannan da wancan, yana ƙirga masu dogon kara da gajeru, masu santsin ƙwaya da masu tamoji. Daga ƙirgar dubban tsirrai ne ya ga cewa a zuri'a ta biyu siffa ɗaya kan fito sau uku, ɗayar sau ɗaya. Ya wallafa sakamakon a 1866, kuma sai a 1900 duniya ta waiwaye shi. Charles Darwin kuwa, littafin da ya fitar a 1881, shekara guda kafin rasuwarsa, a kan tsutsar ƙasa ne, wadda ya shafe shekaru da dama yana bibiya. Har busa aka yi wa tsutsotsin don a ga ko suna ji. Ba su kula ba, amma da aka ɗora tukunyarsu a kan fiyano aka kaɗa, sai suka nutse cikin ƙasa saboda girgizar. Jarin mutanen nan haƙuri ne da littafin rubutu, kuma ɗan shekara sha biyar yana iya mallakar duka biyun.

Misali, ɗalibi ya sa ƙwayoyin wake a kwalba mai haske tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ɗaya a bakin taga, ɗaya cikin duhu, ya riƙa auna saiwa da kara kullum na mako biyu. Idan ya ga tsiron yana karkata wajen haske, malam sai ya gaya masa cewa Darwin da ɗansa Francis sun ba da rahoto a 1880 cewa idan aka rufe kan tsiro da 'yar hula, karkatar takan tsaya, ya ce masa ya je ya gwada. Wani kuma ya auna bugun zuciyarsa yana zaune, da kuma bayan gudu, ya ga minti nawa yake ɗauka kafin ya koma daidai. Littafi ya ce bugun baligi a hutu yana tsakanin 60 da 100 a minti, to nasa fa? Wata ta zaɓi bishiya guda, ta riƙa ƙirga tsuntsayen da ke sauka a kanta a lokaci ɗaya kowace rana har wata guda. Irin wannan ƙirga ba wasan yara ba ce: a Amurka tun 1900 talakawan gari ke ƙirga tsuntsaye kowane ƙarshen shekara, kuma masana suna aiki da alƙaluman. Mai waya na iya saka nasa a manhajojin tattara bayanan tsuntsaye da sauran halittu irin su eBird ko iNaturalist, amma kada malam ya mai da waya sharaɗi.

Masu adawa da ƙarin maki suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Sun ce yana kumbura sakamako har a kasa gane wanda ya iya da wanda bai iya ba, sannan yana fifita yaron da iyayensa ke da hali da wanda ba shi da ɗawainiya bayan an tashi makaranta. Gaskiya ne idan aikin ya zama ziyarar gidan adana namun daji, ko gina samfurin DNA da kayan saye, ko mafi muni, kawo wa aji kayan aiki a musayar maki. Wannan cinikin maki ne, ko da an sa masa wani suna. Maganinsa a sanar da ayyukan tun makon farko, ga kowa da kowa, a zaɓi waɗanda ba sa cin kuɗi kuma ba sa wuce minti goma a rana, a kuma ƙayyade ladan. Ni da zan yanke, ba zai haura maki biyar cikin ɗari ba, yadda ba zai tsallakar da wanda bai san darasin ba. Aikin da ke buƙatar wata guda kuma da kansa yake rufe ƙofar roƙon makon ƙarshe, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ayyuka biyu da suka shahara waɗanda zan so malamai su yi hattara da su. Na farko shi ne sa ɗalibi ya bi rukunin jinin iyayensa da 'yan uwansa don ya zana bishiyar gado. Sakamakon na iya tono abin da ba hurumin makaranta ba ne, ko ya jefa maraya cikin damuwa. Ko iya naɗe harshe da ake yawan kafa misali da shi a matsayin siffar da ake gada, bincike ya nuna ba ƙwayar gado ɗaya ce ke sarrafa shi ba. Na biyu shi ne renon ƙwayoyin cuta a gida daga abin da aka shafo a hannun ƙofa ko waya. Ba wanda ya san abin da zai tsiro, don haka wurinsa ɗakin gwaje-gwaje ne, a rufe, a gaban malami.

Wajen ba da makin, a duba gaskiyar rubutun kafin kyan sakamako. Wanda wakensa ya ruɓe a kwana na biyar, ya rubuta haka, ya yi hasashen cewa ruwa ne ya yi yawa, ya sake shukawa, ya fi cancanta a kan wanda ya kawo jadawali tsaf da alƙaluman da suka yi daidai da littafi har ana shakka. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa ba sai ya karanta kowane shafi ba. Ya zaunar da yaro minti uku, ya buɗe littafin a tsakiya, ya tambaye shi me ya faru ranar, kuma me ya sa lambar ta sauka. Wanda ya yi aikin zai amsa har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba.