Beli ko ciniki? Kotu na da ikon cewa a ajiye kuɗi, amma ba a kan kowa ba

Mutane da yawa in sun ji an ce kotu ta ba da belin wane a kan naira miliyan 10 sai su ɗauka kuɗi ake zubewa a gaban alƙali, alhali yawanci alkawari ne, mai tsayawa ya sa hannu cewa in wanda ake tuhuma ya gudu shi zai biya. Ajiye tsabar kuɗi kuma wani abu ne daban, kuma shi ne yake ci min tuwo a ƙwarya.

A doka dai kotu na da wannan ikon. Sashe na 165 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayyar Najeriya, ya ba alƙali damar cewa a ajiye kuɗi kafin a amince da beli, a mayar wa mai su bayan an gama shari'a. To amma sashen nan ɗin dai shi ya ce sharuɗɗa kada su yi tsanani, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Manufar beli ɗaya ce, mutum ya dawo ranar zama.

A unguwarmu an taɓa kama wani yaro ɗan adaidaita sahu kan rigimar balas da mai mashin ɗin, aka ce sai an ajiye kuɗi, uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta da awaki biyu kuɗin ba su kai ba, kullum da safe za ka gan ta da kular abinci tana jiran mota zuwa gidan yari, sai da ya yi wata uku a ciki kafin 'yan uwa su harhaɗa, ƙarshe ma aka sasanta a gida. Wannan yaron ina zai gudu? Duk layinmu an san ɗakin da yake kwana.

Masu goyon bayan ajiye kuɗi suna cewa kuɗi ne ke riƙe mutum, kuma gaskiya akwai 'yan tsayawa na haya da ke yawo a harabar kotu da takardun bogi, ban musa ba. In wanda ake zargi da wawure biliyoyi ne, mai fasfo da gida a Dubai, a sa ya ajiye mana. Amma shi ɗin ne ma abin ba ya dama, kafin la'asar lauyansa ya kawo cek.

Ko a shari'ar ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore a 2019, Mai shari'a Ijeoma Ojukwu ta ce a ajiye naira miliyan 50, da aka koma gabanta ta janye sharaɗin. Shi yana da manyan lauyoyi da 'yan jarida. Yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa fa, muka ga wasunsu suna zubewa a kotu a Abuja a Nuwamba 2024, aka yanka musu belin miliyan 10 kowanne a ƙasar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne, sai da jama'a suka yi ca shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarinmu, har da Kurmawa da Goron Dutse, jiran shari'a suke yi. Kafin alƙali ya ambaci ajiye kuɗi ya fara tambayar sana'ar mutum da abin da yake samu, ya rubuta dalilin da ya sa tsayawar mai unguwa ko limami ko mahaifiya ba za ta wadatar ba, don dokar ACJA ta yarda mace ta tsaya wa mutum.