Na hau hasumiyar Mamel a Dakar, kuma tun daga ranan ban huta da wata magana ba

Jama'a salamu alaikum, yau rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Jiya a fada bayan isha'i muka yi gardama da wani aminina kan hotunan wata tsohuwar hasumiyar fitila da na ɗauko a Dakar watan da ya wuce, ko daidai ne da aka buɗe ta ma jama'a, har shayi na uku ya huce ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan.

Mu 'yan Yamai ba mu da teku, iyakarmu gulbin Isa da gadar Kennedy, to wanda bai sani ba, hasumiyar fitila ita ce wadda Faransawa ke cewa far, dogon gini bakin teku da babbar fitila bisa kansa don jiragen ruwa su gane inda ƙasa take da dare kada su afka wa duwatsu. Ta Dakar sunanta Mamel, tana bisa ɗaya daga cikin tuddai biyu da ke kusa da unguwar Wakam, ɗaya tudun shi ne aka gina wannan ƙaton mutum-mutumin zamanin Abdullahi Wad a 2010. Ita ko fitilar tun 1864 take nan, lokacin Dakar ɗin kanta ba ta fi shekara bakwai da Faransawa suka kafa sansani cikinta ba. Ginin ba wani dogo ba ne, mita 16 ne, tudun ne ya ɗaga shi har fitilar ta kai kamar mita 120 sama da ruwa, kuma haskenta na kaiwa kilomita 53 cikin teku, kusan daga nan Yamai zuwa Sayi ke nan.

Na hau matakalar nan mai murɗewa ina haki, da na kai sama wallahi sai na yi shiru. Ni na zaci zan tarar da wani ƙaton ƙwan fitila kamar tulu, ashe ƙwan ƙarami ne, aikin duka na gilashin da ke kewaye da shi ne, an yanka shi zobe-zobe kamar an jera awarwaro, shi ke tattara hasken wuri guda ya harba shi nesa. Dabarar wani Bafaranshe ce mai suna Fresnel. Gilashin yana juyawa a hankali, kowane sakan biyar haske ya wulga sau ɗaya, kuma da wannan lissafin ne matuƙin jirgi ke gane cewa Dakar ce gabansa ba wani gari ba, don kowace fitila da irin ƙiftawarta. Da can da kalanzir ake kunna ta, yanzu kuran ne. Na tsaya ina tunanin mutanen da suka kwana nan shekara da shekaru suna zuba mai suna goge gilashi saboda wasu baƙi cikin ruwa da ba za su taɓa ganin fuskarsu ba.

To ga inda muka saɓa da aminin nawa. Yanzu jirage na da GPS, fitilar na aiki har yau amma ba ita kaɗai ake dogaro da ita ba kamar da, sai aka buɗe wurin ma jama'a, ana zagayawa da baƙi ana ba su tarihi, a ƙasa kuma akwai wurin cin abinci, da dare har kiɗa ake yi. Shi ya ce wannan wulaƙanta tarihi ne, wuri mai daraja an maida shi wurin holewa, kuma wai ma ginin 'yan mulkin mallaka ne me ya sa zan damu. Ni ma ba duk abin da ake yi can da dare ne ya yi mani ba, da rana na je kafin magariba na sauko. Amma na ce masa ka dubi fentin, ka dubi matakala an share, ƙarfe ba tsatsa duk da iskar gishiri da ke cin komai a bakin teku, wa kake jin zai kula da shi haka in da kulle yake? Ginin da mutane ke shiga kullum, ran da rufi ya fara yoyo wani zai gani ya yi magana. Batun mallaka kuwa, Faransa ta tafi tun 1960, wurin na Sanagal ne, kuma ai ba gwamna ne ya yi dakon duwatsun hawa tudun ba.

Na ba shi misalin hasumiyar fitilar Iskandariya ta Masar, wadda ta fi kowace suna a duniya, an gina ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ta yi ta cinta, Ibn Battuta da ya je a 1349 ya tarar ta lalace har ba a iya shiga. Wajen 1477 Sultan Ƙaitbay ya gina ganuwarsa a daidai gurbin, har da duwatsunta a ciki, sauran kuma suna ƙasan ruwa, sai a 1994 masu nutso suka fara binciken su sosai. Ganuwar ce ta riƙe mana wurin, ita mutane ke ziyarta yau.

Mu ma fa muna da namu fitilun, teku ne kawai namu na rairayi. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta laka zalla, ayari na hango ta daga nesa su san sun iso, kuma tana tsaye ne don ana salla ƙarƙashinta ana yi mata yaɓe, itatuwan nan da suka fito jikinta su masu gyara ke takawa. Iccen Tenere kuma da ya yi wa matafiya alama shi kaɗai cikin hamada, mota ta kaɓe shi a 1973, gangar jikinsa na nan gidan tarihi na Bubu Hama, ku kai yaranku su gani.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mani a rai, a garinmu wajen Tawa akwai wani tsohon ɗakin shan magani na laka mai kauri, bango kamar kamu biyu, ko cikin watan Afrilu ka shiga sanyi kamar bakin randa. Nan aka yi mani lamba ina yaro, ina tuna ƙamshin alkol da bencin siminti da tsohuwata ke zaunar da ni. Da aka gina sabo aka sa ma tsohon kwaɗo, aka ce a bar shi tarihi ne. Shekara nawa ba mai shiga sai jemage da awaki, indararo ya karye ba wanda ya lura, damina ɗaya ta zo da ƙarfi bangon gabas ya zauna. Da an ba matan gari su sa keken ɗinki ciki, ko a maida shi wurin karatun yara da maraice, ai da tun ran da indararon ya faɗi wata ta aika an kira magini.

Bango uku na nan tsaye har yanzu, na sa ƙanena ya ɗauko mani hoto shekaranjiya, azarar ma ba ta ruɓe duka ba. In Allah ya kai mu hutun nan zan tafi gida in samu mai gari da maganar, kuma 'yan garinmu da ke nan Yamai da Kwatano da Legas, kun san kanku, zan kira ku ɗaya bayan ɗaya kafin damina ta sauka.