Filin da aka gina don ruwa ya cinye shi

Yayan matata ya zo Holan kan harkar kasuwancinsa, ya sauka a wurinmu a Rotterdam. Ran nan da yamma na ce masa, "Yaya, taso mu ɗan miƙe ƙafa, akwai wurin da nake so ka gani." Muka taka har wani dandali da ake kira Benthemplein, arewa kaɗan da tsakiyar gari, ba nisa da babbar tashar jirgin ƙasa. Ya tsaya a bakin wurin ya goya hannu a baya, ya dubi gabas ya dubi yamma, leɓensa na motsi. Na san lissafi yake yi. Can sai ya ce, "Yanzu duk wannan filin, a ƙirjin gari, haka aka bar shi yara na tsalle-tsalle? Wallahi da a gida ne layi biyu na shaguna zai ci, a ɗora bene a sama." Ya yi dariya, ni ma na taya shi don kara, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Yaya ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba. Abin da ya faɗa shi kusan kowannenmu zai faɗa, tun daga dillalin fili har mai sa hannu a takarda, kuma shi ya sa duk damina muke kwana da bokiti a hannu muna kwashe ruwa daga ɗaki.

Bari in siffanta muku wurin, don a hoto ba ya nuna kansa. Fili ne da manyan gine-gine suka kewaye: makarantun koyon sana'a, coci, gidan wasan kwaikwayo na matasa, da wurin motsa jiki. A tsakiya aka haƙa kwari uku aka daɓe su da kankare. Biyu ba su da zurfi sosai. A ɗaya yara ke sululu kan katakon nan mai ƙananan tayoyi, ɗayan kuma akwai ɗan tudu a tsakiyarsa inda ake rawa ko a zauna hira. Na ukun shi ne babba mai zurfi, filin ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa ne, an kewaye shi da matattakala masu faɗi da ɗalibai ke zama a kai lokacin tara. Duk inda ruwa zai iya kwanciya an shafa masa shuɗin fenti, wani mai duhu wani mai haske. Duk inda ruwa zai bi ya wuce kuma an shimfiɗa masa ƙarfe mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, magudana ce buɗaɗɗiya a saman ƙasa, mai faɗin da yaro zai hau da katakonsa ya bi ta. Ko karatu ba ka yi ba, da ka kalli launi ka san nan hanyar ruwa ce, nan kuma masaukinsa.

In aka yi ruwa, na rufin gine-ginen da na daɓen filin yana bin magudanan nan ya gangara cikin ƙananan kwarin biyu, daga baya ya tsatsa cikin ƙasa a hankali. In ruwan ya ƙi tsayawa, sai babban kwarin ya fara karɓa, filin ƙwallon ya koma tafki. Gaba ɗaya wurin na ɗaukar kimanin lita miliyan 1 da dubu 700. Kuma an ƙayyade cewa ruwan babban kwarin ba zai wuce awa 36 a wurin ba, za a sake shi ya tafi magudanar gari bayan ta sami sarari. Na taɓa wucewa ana tsaka da ruwa: ga ƙarfen kwandon a tsaye a cikin tafki, ganye na yawo a kai, ga wata mata riƙe da lema ta tsaya da ɗanta suna kallo. Babu mai salati, babu mai kiran hukuma. Filin yana aikinsa ne.

Wani kamfanin masu zanen birane na garin, De Urbanisten, shi ya zana shi, aka buɗe a ƙarshen shekarar 2013. Abin da ya burge ni shi ne inda suka faro. Ba da tambayar yadda wurin zai yi kyau a ido suka fara ba, da ƙasar suka fara. Mafi yawan Rotterdam yana ƙasa da tsayin ruwan teku, ruwan sama ba ya ficewa da kansa sai an turo shi da inji, tsofaffin bututan ƙarƙashin ƙasa kuma in ruwa ya yi ƙarfi cika suke su amayo. Maganin da injiniya ya saba bayarwa shi ne a binne babban tanki, kuma sun yi hakan: ƙarƙashin wurin ajiye motoci na Museumpark akwai ma'ajiyar da ke cin lita miliyan 10. Sai masu zanen suka ce, tunda dai kuɗin za a kashe, me zai hana a kashe shi a inda ido zai gani, ranar da babu ruwa jama'a su mori wurin? Kafin su ja layi ɗaya sai da suka zauna da ɗaliban makarantun, da malamansu, da mutanen cocin, da mazauna unguwa, kowa ya faɗi abin da yake so.

To kafin wani ya ce na zo Turai na ruɗe, ni abin da na gani a wurin nan kududdufi ne. Ba sai na gaya muku yadda kududdufi yake samuwa ba, ko aikin da yake yi wa unguwa a watan Agusta. Maginin da ya haƙi ƙasa ya yi tubali ya san ramin da ya bari ba asara ba ne. Ya san ta gabas hadari ke tasowa, ya san bangon da ruwa zai fi duka, ya san inda zai juya bakin indararo don kada ya zuba a gindin katangar maƙwabci. Bai je wata jami'a ba, amma ya taka wurin da ƙafarsa da rani da damina kafin ya aza harsashi. Mu da muka yi boko muka zo muka cike ramin da shara, muka bi da burji, muka ja igiya, muka yanka fuloti. Ruwa kuwa bai san da takardar fili ba. Inda ya saba kwana nan zai zo, in ya tarar da falo sai ya kwana a falon.

Na san amsar da za a ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Kududdufi gidan sauro ne, ya ci yara ba adadi, ga wari da rani. Haka ne. Amma ai shi ya sa mutanen nan suka sa ƙa'idar awa 36, suka yi matattakala maimakon gangara mai santsi. Gyara ramin suka yi, ba su toshe shi ba. Za a kuma ce suna da kuɗi, wani kason ma daga guminmu da na mutanen Indunusiya aka tara shi zamanin mulkin mallaka da cinikin bayi. Wannan ma ban musa ba, nakan faɗa musu a gaban idonsu. Sai dai barin fili a matsayin fili ba ya cin ko kwabo. Abin da yake ci shi ne mutum mai iko ya ga wuri a buɗe ya kawar da kai, kuma wannan ne ya gagare mu.

Su ma fa ba hankali suka fi mu ba, wuya suka sha. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ta fasa shingaye a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1,836 suka mutu. Daga nan suka shiga gina manyan madatsai na shekaru da dama. A 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutane kusan dubu 250 daga gidajensu, sai suka gane ƙara wa shinge tsawo kaɗai ba zai fisshe su ba, dole a bai wa kogi wurin da zai miƙe ƙafa. A garin Nijmegen, inda kogin Waal ya yi kwana mai matsi, sun ja shingen baya da mita 350, suka rusa gidaje wajen 50, suka haƙa wa kogin reshe na biyu. Tsibirin da ya fito a tsakiya yanzu wurin shan iska ne, da bazara mutane na wanka a gefensa. Kuma akwai hukumomin ruwa 21 a ƙasar, asalinsu tun ƙarni na 13, zaɓensu ake yi da ƙuri'a, harajinsu daban da na gwamnati. Takardarsu na zuwa gidana duk shekara, ina biya ina tsaki, amma na san inda kuɗin ke tafiya don ƙafata a bushe take. Ku ɗora wannan kusa da madatsar Alau, wadda ta cinye Maiduguri a 1994, ta sake cinye ta a Satumbar 2024. Shekara 30 a tsakani. Na bar muku sauran.

Ban ce a kwafi Benthemplein a kai gida ba, don wannan ma wani ciwon namu ne. Wurin kankare ne zalla, inuwarsa kaɗan ce, fentin ya fara koɗewa, ganye da leda na taruwa a magudanan sai an bi ana sharewa. A nan rana baƙuwa ce, in ta leƙo kowa fitowa yake ya shanya jikinsa. A ranarmu ta watan Afrilu ramin nan tanderu zai zama, ko akuya ba za ta tsaya ba. Ruwansu yayyafi ne da ke rarrabe a cikin shekara, namu a 'yan watanni yake juyewa gaba ɗaya. Mai zanen da ya san aikinsa, a wurinmu da itace zai fara: ina inuwa za ta faɗi da azahar, ta ina iskar hunturu ke shigowa, wace ƙasa ce ke shan ruwa wace ce ke riƙe shi. Amma me muke gani? Bene mai bangon gilashi yana fuskantar yamma, sai an kunna janareta kafin a iya numfashi a ciki. Shataletale mai famfon feshin ruwa da ya yi aiki ranar yanke ƙyalle kawai. Darbejiyar da ta girmi iyayenmu an sare ta don faɗaɗa titi, an dasa dabinon ado da ko tsuntsu ba zai fake a ƙarƙashinsa ba. Wurin shaƙatawa ɗaya tilo an zagaye shi da katanga an sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Zanen a ofis aka yi shi, mai zanen bai taɓa tsayawa a wurin da rana tsaka ba.

Gaskiya kuma, dandalin nan nasu bai taɓa ba ni abin da dakalin ƙofar gida ke bayarwa ba. Nakan zauna a kan matattakalar nan har sanyi ya ratsa wandona, mutane na wucewa kowa da abin jin sauti a kunne, babu mai cewa sannu. In ka yi wa mutum sallama sai ya duba bayansa ya ga da wa kake. Duk da haka 'ya'yana a nan suka koyi keke, a nan suka san yaran unguwa, Baturke da ɗan Maroko da ɗan Surinam, ba tare da kowa ya biya ko ya nemi izini ba.

Hutun da muka je gida shi ya fi ci mini rai. Na ɗauki babban ɗana in nuna masa filin da muka yi ƙwallo muna yara, na tarar da jerin shaguna da gidan mai. Makarantar firamarenmu ma an yanke gefen filinta, ƙofofin shaguna sun juya wa azuzuwa baya. Yaran 'yan'uwana a kan titi suke buga ƙwallo, suna ɗauke duwatsun raga duk sanda mota ta taho. Nawa kuwa uwarsu ta hana su fita saboda babura, suka ƙare hutun a falo, kowa da waya a hannu, suna tambayata yaushe za mu koma. Na yi ta ba su labarin gari tun suna goye, na cika musu baki, sai ga shi abin da suka gani get ne da katanga mai waya a sama. Bana na ce za mu sake zuwa, ƙaramar ta ce ita dai a bar ta wurin ƙawarta. Ban ba ta amsa ba tukuna, tikiti dai na riga na saya har da nata.