Makin shiga makarantar likitan ƙafa a Amurka, da lissafin da muka taho da shi daga gida

A Amurka akwai likitocin da aikinsu ya taƙaita ga ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, kuma ba makaranta ɗaya suke shiga da sauran likitoci ba. Suna da nasu makarantu guda 11, inda ake yin shekara huɗu bayan digirin farko a sami digirin da ake kira DPM, sannan a ƙara shekara uku ana horon ƙwarewa a asibiti, har da tiyata. Wadda ta fi daɗewa tana unguwar Harlem a birnin New York, an kafa ta a 1911, sababbin kuwa su ne ta Texas da ta fara ɗaukar ɗalibai a 2022 da ta garin Erie a jihar Pennsylvania da ta biyo baya a 2023. Abin da ya sa nake maganarsu shi ne yadda iyaye Hausawa mazauna Amurka suke fassara makin shigarsu, fassarar da nake ganin akwai kuskure babba a cikinta.

Ma'auni biyu ake fara dubawa. Na farko shi ne matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a digirinsa na farko, wato GPA, wanda ƙarshensa 4.0 ne, kuma akan ware na darussan kimiyya a lissafa shi daban, domin dole ne mai nema ya yi ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, haɗe da aikin ɗakin gwaji, sannan da Turanci. Na biyu shi ne jarrabawar MCAT, wadda masu neman kowace irin makarantar likita suke rubutawa. Sassa huɗu gare ta, ana shafe sama da awa bakwai a kanta, makinta yana farawa daga 472 ya tsaya a 528, tsakiyarsa kuma 500. Waɗanda ake ɗauka a makarantun da ke ba da digirin MD, wato digirin likitanci na gama-gari, matsakaicin makinsu yana wajen 511 zuwa 512, da GPA sama da 3.7. A makarantun likitan ƙafa kuwa matsakaicin bai cika kaiwa 500 ba, GPA ɗin kuma yana yawo tsakanin 3.3 da 3.5.

Da zarar uba Bahaushe ya ji wannan bambanci, ya gama yanke hukunci. Na zauna a wajen wani taron suna a yankin Bronx na birnin New York inda wani dattijo ya tambayi wani matashi abin da yake karanta, yaron ya ce likitan ƙafa, sai dattijon ya ajiye kofin shayinsa ya dube shi da tausayi ya ce, "Allah sarki, ɗana, makin ne bai kai ba?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Tarbiyyar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a a Nijeriya, ita ce ta yi magana da bakinsa, domin mu da muka tashi a Nijeriya mun saba da cewa darajar kwas tana tafiya ne da yawan makin da ake yanka masa. Tun da aka kafa hukumar a 1978 ake jera ɗalibai bisa lamba ɗaya, yanzu maki 400 ne ƙarshenta, daga 2005 kuma aka ƙara da tantancewar da jami'o'i ke yi bayanta. Wanda ya ci mai yawa ya tafi likitanci a Zariya ko Kano, wanda ya gaza da kaɗan a tura shi ilimin halittu ko kimiyyar sinadarai ko da bai taɓa sha'awarsu ba, kuma kowa a unguwa ya san abin da hakan yake nufi.

Amma makin da ake yankawa ba wahalar karatu yake aunawa ba, cunkoson da ke bakin ƙofa yake aunawa. Tsadar rago ana gobe Sallah ba ƙiba ya ƙara ba, masu saye ne suka yi yawa. Masu neman gurbin MD a Amurka sun haura 50,000 a kowace shekara, kuma waɗanda ake ɗauka ba su kai rabinsu ba. Masu neman makarantun likitan ƙafa kuwa a wajen dubu ɗaya suke, ga guraben da suka kai ɗaruruwa, saboda ɗalibai da yawa suna gama digirin farko ba su ma san da wannan hanya ba. Inda masu nema suka yi kaɗan dole maki ya sauka, ko da darussan da ke jiran mutum a ciki ba su sauka ba. A jami'ar Des Moines da ke Iowa da ta Midwestern da ke Arizona, ɗaliban likitan ƙafa suna zama aji ɗaya da ɗaliban likitanci masu neman digirin DO, wanda shi ma digirin cikakken likita ne kamar MD, a manyan darussan kimiyya na farkon karatu, gawa iri ɗaya ake feɗewa, tambayoyi iri ɗaya ake amsawa.

A nan ne nake ganin haɗarin da iyaye ya kamata su damu da shi, maimakon maganar daraja. Sauƙin shiga yana nufin an ɗauke tankaɗen daga bakin ƙofa an kai shi cikin gida. Ɗalibin da ya shiga da rauni a kimiyya zai haɗu da kashi na farko na jarrabawar lasisi, APMLE, bayan shekara ta biyu, kuma idan ya kasa tsallake ta ba zai ci gaba ba. Kuɗin makaranta yakan kai dala 40,000 ko fiye a shekara, ban da haya da abinci, yawanci kuma rance ne. Wanda ya fita a shekara ta biyu ya fita da bashi ba digiri. Saboda haka idan yaro ya samu gurbi da maki ƙasa da na sa'o'insa, tambayar da ta dace ita ce me ya jawo ƙarancin makin, ko aikin dare yake yi yana karatu da rana, ko kuwa darussan ne suka fi ƙarfinsa, domin na farkon yana da magani, na biyun kuwa ƙaruwa zai yi.

Duk da haka, akwai abin da tsarin nasu ya fi namu, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ba a rataya makomar mutum a kan yini ɗaya ba. GPA tarihin shekara huɗu ne, kuma masu tantancewa suna duba yadda ya tafi, ta yadda wanda ya yi tuntuɓe a shekarar farko sannan ya miƙe a darussa masu wuya na ƙarshe yana da hujjar da zai kare kansa da ita. Ana iya sake rubuta MCAT har sau uku a shekara, sau bakwai a tsawon rayuwa. Ana kuma neman mutum ya bi wani likitan ƙafa ya ga aikin da idonsa, ya kawo wasiƙar shaida daga gare shi, sannan a kira shi ganawa. Lokaci ma yana da tasiri, domin ana buɗe nema a watan Agusta, ana kuma ba da gurbi ne yayin da takardu ke shigowa, don haka mai matsakaicin maki da ya yi sammako yakan riga mai maki mai kyau da ya yi jinkiri. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a 2025, lokacin da JAMB ta amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya fito yana hawaye yana neman afuwa. An sake musu jarrabawar, amma al'amarin ya nuna yadda lamba ɗaya take iya yi wa yaro ƙarya.

Ba ina cewa nasu adalci ne zalla ba. Ɗan mai hali yana biyan kuɗin darussan share fage na MCAT, yana da lokacin bin likita kyauta, yayin da ɗan direban tasi yake neman kuɗin haya. Wanda ya zo da digirin Nijeriya kuma sai an miƙa takardunsa ga hukumar tantance shaidar karatu ta mayar da makinsa daga ma'aunin 5.0 zuwa na 4.0, idan kuma ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da takardar zama ta dindindin, rancen karatu na gwamnatin tarayya ba nasa ba ne.

Shi aikin kansa, wanda ya taɓa raka mai ciwon suga wurin likitan ƙafa ba zai raina shi ba. Likitan yakan sa majiyyaci ya rufe ido, ya ɗauko wani siririn zaren roba ya danna a wurare daban-daban na tafin ƙafa har zaren ya lanƙwashe, yana tambaya ko an ji. Idan ba a ji ba, jijiyoyin sun fara mutuwa, kuma irin wannan ƙafar ce ƙusa ko takalmi mai matsi zai yi wa rauni mai ita bai sani ba, raunin ya zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. A gida wannan aiki a rarrabe yake tsakanin likitocin ƙashi irin na asibitin Dala da ke Kano, da likitocin suga, da ma'aikatan jinya masu wankin ciwo, a ƙauye kuma mai ɗori da wanzami, kuma sau da yawa majiyyaci ba ya isa hannun likita sai ƙafar ta riga ta yi baƙi. Yaranmu da ke karatu a nan, waɗanda suke da GPA wajen 3.4 da MCAT a kusa da 500, suna da ƙofa a buɗe zuwa wannan fanni, kuma da yawansu ba sa nema ne kawai saboda tsoron tambayar da za a yi musu a taron dangi.