Kujerar Inna a motar bikin yaye ɗalibai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da 'yan bokonmu na ƙauye nake, maza da mata, waɗanda Allah ya nufa suka gama jami'a ake shirin zuwa bikin yaye su. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo aikin yi na halal. Amma ku yi haƙuri da ni, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya.

A zauren wani gida nan garinmu aka zauna lissafin masu tafiya Kano. Sharon guda aka yi shata, kujeru ƙidayayyu. Yaron da ya gama karatun shi ke riƙe da biro. Ya rubuta baffansa mai aikin gwamnati da matar baffan, ya rubuta abokansa biyu, da yarinyar da yake nema da ƙawarta, da mai ɗaukar hoto. Wani dattijo ya ce, to Innarka fa? Ya ce ai Inna ba za ta iya zaman mota ba, in an dawo a nuna mata a waya. Inna tana tsakar gida tana suyar ƙuli, tana jin komai, ba ta ce uffan ba.

Matar nan duk Lahadi a bayan a-kori-kura take zuwa kasuwar Gujungu da galan-galan na man gyaɗa, rani da damina. Zaman mota bai taɓa gagararta ba sai ranar da za a je a ga ɗanta cikin rigar yaye.

Mu daina yaudarar kanmu. Kunya ce. Kana jin kunyar abokanka su ga tsagen fuskarta da haƙoranta da goro ya rina. Kana jin kunyar zanenta da ya koɗe, da silifas ɗinta, da kaushin ƙafarta. Kana tsoron ta buɗe baki Hausar ƙauye ta fito a gaban 'ya'yan masu kuɗin Nasarawa. Subhanallah! Kaushin nan a ina ta samo shi?

Zauna ka tuna. Karatun da aka ce shekara 4 ne, da yawanku sai da kuka yi 6. A 2020 ga korona ga yajin aikin malaman jami'a tun daga watan Maris har Disamba. A 2022 aka sake rufe jami'o'i wata 8 cur, kuna zaune a gida ana ciyar da ku, ba wanda ya yi muku gori. Daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya ninka, kuɗin rajista ya tashi a jami'o'i da dama. Wa ya ɗauki wannan nauyin? Akuyar wa aka ja zuwa Maigatari ranar Alhamis? Saniyar wa aka kai kara a Wudil ranar Juma'a? Buhun riɗin da Baba ya so ya ajiye sai ya yi daraja, ya sayar da shi tun da kaka saboda ka bugo waya ka ce za a rufe rajista. Kwasar adashen Inna ba ta taɓa shiga ɗakinta ba, daga hannun uwar adashe sai asusunka. Yayanka ya ajiye nasa karatun ya tafi ci-rani Legas yana tura kurar ruwa don kai ka ci gaba. Duk wata ana kai ƙullin yaji da kuka da garin ɗanwake da ƙanzo tasha a ba direba ya kai maka. Wani ma gonar gado aka jinginar, har yau ba a fanshe ta ba.

Yanzu ranar farin ciki ta zo, sai aka nemo masu shadda da leshi aka cika mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san uzurorin, na ji su duka. Wai katin shiga zaure kaɗan ake bayarwa. Gaskiya ne, jami'a irin Bayero dubban ɗalibai take yayewa, ba zauren da zai ɗauki dangin kowa. Amma duk wanda ya taɓa zuwa ya san yawancin iyalai a waje suke shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, a nan ake hoto, a nan ake cin abinci, ba mai tambayar kati. In ma kati ɗaya tal aka ba ka, wa ya fi ta cancanta? Wai tafiyar da nisa. A da ne sai an je Zariya ko Kano. Tun 2011 akwai jami'ar tarayya a Dutse, tun 2013 akwai ta jiha a Kafin Hausa, ga ta Wudil. Mutumin Kiyawa ko Jahun zai ce Dutse ta yi wa mahaifiyarsa nisa? Wai ba ta jin Turanci, ba za ta gane abin da ake yi ba. Ba jawabin shugaban jami'a za ta je ji ba, ɗan uwa. Fuskarka za ta je gani a ƙarƙashin hular nan. Wai wa zai kula da dabbobi. Wuni guda ne, maƙwabta ba su ƙare ba.

Akwai kuma waɗanda suke zuwa da iyayen, amma gara ma a ce ba su zo da su ba. A ajiye tsofaffi a cikin mota ko a can bayan wani gini tun hantsi har la'asar, ba ruwan sha, ba wanda ya nuna musu inda za su kama ruwa su yi salla, shi kuwa gogan yana can yana zagaye da abokai. In aka yi kiciɓis aka tambaya su wane ne waɗannan, sai ya ce 'yan garinmu ne. 'Yan garinku! Matar da ta yi naƙudarka ce 'yar garinku? Ka ji tsoron Allah. Ayoyin nan na 23 da 24 a Suratul Isra'i tun kana ɗan Islamiyya ka haddace su, ba sai na karanto maka ba.

Ke ma 'yar uwa ban bar ki ba. Kin fitar da anko ke da ƙawayenki, kin biya mai kwalliya, kin yi odar kek. Kuɗin kwalliyar wuni ɗaya zai saya wa Innarki turmin atamfa da mayafi har da ɗinki. Matar da ta tsaya miki lokacin da dangi suka taso a cire ki daga makaranta a yi miki aure, ita kika ce ta zauna ta yi jiran gida?

Iyaye maza, ku ma da naku. Wani ya saki uwar yaro tun yana goye, ita ta yi surfe da wankau ta riƙe shi, ranar biki sai ga shi ya ɗauko amarya ya sa a gidan gaba, uwar ɗa kuwa ko sanar da ita ba a yi ba. Wani maraya ne, goggonsa ta raine shi, amma da yake ba ita ta haife shi ba ba wanda ya tuna da ita. Ku kuma baffanni da kawunnai da ake ba kujera don ana ganin ku ne na fita kunya, kafin ka gyara babbar riga ka shiga, ka tambaya ina uwar yaron. In ba ta ciki, ka sauka ka ba ta wurinka. Wallahi girmanka ƙaruwa zai yi.

Ban ce a ɗauko mara lafiya a wahalar da ita a hanya ba. Amma ita za ta faɗa, ba kai za ka yanke mata ba. Kuma ka san halin iyayenmu mata da kara. In ka tambaye ta a tsaitsaye cewa za ta yi ku je kawai, Allah ya tsare, balle in kai ne ɗan fari, wanda ko sunanka ba ta faɗa. Wannan ba ƙi ba ne, alkunya ce. Ka durƙusa ka roƙe ta. Ka turo ƙanwarta ko aminiyarta su lallashe ta, su tafi tare. In da gaske jikin ba zai iya ba, ka yi ƙoƙari ka zo da rigar gida kafin ka mayar, ka sa a gabanta ta shafa kanka.

In za a tafi, a tashi bayan sallar asuba. A ba ta kujera mai sarari, kada a cusa ta cikin mutum huɗu a layi ɗaya. A dama mata fura, a ɗauki buta da tabarma. A ce wa direba ya bi a hankali, a kamo hanya da wuri kada dare ya riske ku tsakanin manyan motoci. Da kun isa ka kama hannunta ka kai ta gaban malaminka da abokanka, ka ce wannan ce mahaifiyata, da ƙarfi, kowa ya ji.

Akwai waɗanda za su sa rigar nan bana, iyayensu suna ƙarƙashin ƙasa, da za a ce su ba da takardar digirin a dawo musu da Inna ta wuni ɗaya da sun bayar. Allah ya jiƙan nasu. Kai taka tana nan da ranta.

Don Allah ka ɗauko takardar lissafin nan ka sake dubawa. Don girman Allah ka soke sunan wani ka rubuta nata. Ka ajiye wayar nan ka shiga cikin gida ka same ta yanzu.