Commodore 64: Arahar da ta kai ta gidaje, da aibin da ta bari

A watan Agustan 1982 kamfanin Commodore na Amurka ya fito da kwamfutar gida Commodore 64 a kan dala 595. Kafin ƙarshen 1983 ana samun ta a wajen dala 200. Masu ba da tarihinta sun fi ɗokin cip ɗin sautinta, SID, mai murya uku, wanda Bob Yannes ya ƙera, kuma ya cancanci yabon. Amma a ganina abin da ya kai ta miliyoyin gidaje shi ne sayen masana'antar ƙera cip ta MOS Technology da Jack Tramiel, shugaban Commodore, ya yi tun 1976. Ƙwaƙwalwarta 6510, da cip ɗin hoto VIC-II, da SID, duk a gida ake yin su. Mai gonar masara ba a yi masa gasar sayar da gari, shi ya sa abokin gasarsa, kamfanin Texas Instruments, ya tattara ya bar kasuwar kwamfutocin gida a Oktoban 1983.

Ina goyon bayan wannan arahar, don ita ta bai wa yara damar koyon BASIC, harshen rubuta manhaja, a gaban talabijin ɗin gidansu. Sai dai akwai inda rage kuɗin ya wuce gona da iri.

Na'urar faifanta mai lamba 1541 ta yi suna wajen nawa, baiti 300 zuwa 400 kacal a daƙiƙa. Tushen abin aibi ne a cip ɗin 6522 tun zamanin VIC-20, kwamfutar Commodore da ta gabace ta, aka toshe shi da manhaja maimakon a gyara.

Adaftar wutar ce ba ta da uzuri. Tana ba da wuta iri biyu, volt 5 na DC da volt 9 na AC, kuma yawancinsu an cika cikinsu da ƙaro mai tauri, zafi ba ya fita, gyara ba ya yiwuwa. In abin daidaita wutar ya gaji, sai volt 5 ɗin ya haura, ya ƙona cip-cip takwas na RAM, allo ya yi baƙi ko ya cika da tarkacen haruffa. Duk wanda ya samu tsohuwar C64, kada ya jona ta sai ya auna adaftar da mita. In volt 5 ɗin ya kai 5.3, a ajiye ta a nemi sabuwa. In wutar daidai take amma allon baƙi ne, a fara zargin cip ɗin PLA, mai raba aiki tsakanin sauran cip-cip, shi ma zafi ne ke cinye shi.