Aikin huji a kan dajin hanji: mu daina auna likita da girman tabo

'Yan'uwa na Jidda da Makka, akwai wata ɗabi'a da ta fara zama mana jiki. Da an ce wani namu yana da dajin babban hanji kuma za a yi masa aiki, tambayar farko ita ce: "Da minzar za a yi, ko farke shi za su yi?" In an ce minzar, wato aikin huji da kyamara, sai hamdala, kamar an riga an warke. In an ce buɗe ciki, sai ƙus-ƙus ya tashi: likitan tsohon yayi ne, ko don mu baƙi ne, ko inshorarmu ce ƙarama. Na daɗe ina yi wa mutanenmu tafinta a asibiti, kuma ina ganin wannan tambayar ba ita ya kamata ta zo a gaba ba.

Ni ba na gaba da aikin huji. A hura ciki da iskar kabon, a huda wuri huɗu ko biyar, kowane huji bai wuce faɗin yatsa ba, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo, a ƙarshe a ɗan tsaga wuri guda a zaro abin da aka yanke. A 1991 aka fara ba da rahoton cire hanji ta wannan hanya a Amurka. Da fari likitocin kansu sun tsorata, domin an riƙa ganin dajin yana tsirowa a bakin hujin. Sai da aka yi manyan gwaje-gwaje hankali ya kwanta. Wanda aka buga a Amurka a 2004, mai mutum 872, ya nuna dawowar cutar kusan ɗaya ce tsakanin huji da yanka. Masu huji sun kwana biyar a asibiti, masu yanka shida, amma aikin huji ya fi cin lokaci, wajen minti 150, na yanka kuwa 95. A aikin huji zafi ya fi sauƙi, jini kaɗan ake zubarwa. Direba ko tela da in bai fita ba babu na cefane, da dattijon da ke ƙagare ya koma ruku'u da sujada ba a kan kujera ba, sun san darajar wannan.

Sai dai ga abin da ba a faɗa a zaure. Waɗancan gwaje-gwajen galibi ba su ɗauki masu ciwon da ya riga ya cinye bangon hanji ya kama maƙwabtansa ba. Mu kuwa mutanenmu a wannan matakin suke zuwa. Mutum ya shekara yana ganin jini a bayan gida yana cewa basir ne, ana aiko masa da sassaƙe daga gida ta hannun masu umara. Wani kuma matsalar igama, wato takardar izinin zama, ce ta hana shi tunkarar asibiti. Ga tsohuwar maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe", wadda ta kai mutane da yawa kabari. Kafin a yi hoto, ƙarin ya huda bangon hanji, ko ya manne da mafitsara, ko mahaifa, ko ƙaramin hanji, ko bangon ciki. Bai kai hanta ko huhu ba tukuna, don haka akwai kyakkyawan fatan warkewa, amma aikin ya zama wani abu dabam.

A irin wannan, ƙa'idar ita ce a ɗauke ƙarin gaba ɗaya tare da duk abin da ya manne masa, a dunƙule, ba tare da an ɓamɓare shi ba. Kamar cire gidan rina ne: in ka fasa shi a hannunka, ka watsa abin da ka zo kawarwa. In ya kama mafitsara, da yankin mafitsarar za a tafi. Hannun likita a cikin buɗaɗɗen ciki yana jin tauri da laushi, yana gane inda ciwo ya tsaya. Dogon ƙarfe ta huji ba ya ba shi wannan ji sosai. Shi ya sa ƙwararru da yawa ke zaɓar buɗewa idan ƙarin ya kama wata gaɓa, wasu kuma, waɗanda hannunsu ya faɗa kuma suke da cikakkiyar tawaga, suna yin sa ta huji su fita lafiya. Jafanawa sun gwada mutum sama da dubu masu mataki na biyu da na uku, aka fitar da sakamako a 2017: bayan shekara biyar, wajen kashi 90 cikin ɗari na raye a kowane ɓangare. Amma ko a can, masu ciwon da ya fi zurfi ba su nuna irin wannan daidaiton ƙarara ba. A dajin ƙarshen hanji kusa da dubura, inda ƙugu ke da matsi, an samu saɓani a shekara guda: gwajin Turai na 2015 ya goyi bayan huji, na Amurka da na Ostireliya kuwa sun kasa tabbatar da cewa tsabtar yankan ta kai ta buɗewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke yi idan an fara da huji aka ƙare da yanka. Na ga dangi sun tare likita a bakin ɗakin tiyata suna cewa an yaudare su. Haba jama'a! A gwajin 2004 ɗin nan, mutum ɗaya cikin biyar sai da aka koma aka buɗe shi, a wani gwaji na Ingila ma abin ya doshi kashi 30 cikin ɗari. Likitan da ya leƙa ya ga abin ya fi ƙarfin huji, ya ajiye girman kai ya buɗe, shi ne wanda zan miƙa wa mahaifiyata. Wanda nake tsoro shi ne mai dagewa don kada a ce ya gaza. Kuma wannan sharaɗin yana rubuce a takardar yarda da kuke sa wa hannu. A sa a karanta muku ita da Hausa kafin ku dangwala.

Haka batun mutum-mutumin tiyata da manyan asibitoci irin na Sarki Faisal ke da shi. Na'ura ce mai kyau, musamman a cikin matsin ƙugu, amma likita ne ke tuƙa ta, ba ita ke yanke shawara ba.

Wani lokacin ma aikin ba shi ne farko ba. A dajin ƙarshen hanji sau da yawa akan fara da gashin ƙarin da hasken na'ura da kuma kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, don ƙarin ya motse. A na babban hanji, wani gwaji da Ingila ta jagoranta, aka buga a 2023, ya nuna mako shida na kimawi kafin aiki yana rage barin ragowar ciwo. In an ce ku jira, ba lallai wulaƙanci ba ne.

Tunda a ƙasar nan dajin hanji ne kan gaba a cikin maza, kuma shawarar likitocin Saudiyya ita ce a fara gwaji daga shekara 45, kusan kowane gida zai iya samun kansa a gaban wannan teburin. Idan ranar ta zo, Baba, Hajiya, ku tambayi likita: ciwon ya kama wata gaɓa? Irin wannan aikin nawa kake yi a shekara? Likitocin daji da na hoto sun zauna a kan fayil ɗin tare? Za a sa jakar bayan gida, kuma ta wucin gadi ce ko ta dindindin? Bayan aiki kuma, ku nemi takardar binciken naman da aka cire. Ku sa a nuna muku wuri biyu a cikinta: ko gefen yankan ya fita babu ciwo, da adadin kaluluwar da aka ciro aka duba, wadda ake so ta kai aƙalla 12.